Karan da Ruwa Bai Taɓa Ba

Dakta Nasiruddeen yana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa ɗalibansa rai. In zai faɗa maka abin da zai dagula maka lissafi, sai ya fara cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ɗaga ya duba, ya sake gogewa, kai kuwa kana tsaye kana jira. Lailatu ta kalli wannan hidima tun daga farko har ƙarshe, ta san yau ba da alheri aka kira ta ba.

"Casa'in da huɗu cikin ɗari," ya ce, ya buga yatsa a kan kundinta. "Haka kika rubuta, kuma wai cikin minti goma. Jiya a gabana kin yi awa biyu kina juya kwalba. Nawa kika samu?"

"Sha tara, Malam."

"Sha tara," ya maimaita, kamar ita ba ta ji da kunnenta ba.

Shekara biyu ke nan Lailatu tana digiri na biyu a fannin sinadarai a Sakkwato, kuma aikin nata a baki ba shi da wuya. Akwai wasu sinadarai biyu da masu harhaɗa magani ke son su haɗe su zama abu ɗaya, amma ba sa haɗuwa don kansu. Sai an narkar da su cikin wani ruwa, an kuma sa musu abin da zai ingiza su, kamar dai mai dalilin aure. Abin da aka saba sawa soda ce mai cin hannu, da wasu ruwaye masu wari da ake sayowa daga ƙasashen waje, waɗanda in an gama da su ba a san inda za a zubar ba. Ita kuwa Lailatu ta ce ruwan tokar karan dawa zai yi aikin duka biyu, shi ne mai narkarwa, shi ne mai ingizawa, kuma in an gama ko a gindin bishiya aka zubar da shi ba abin da zai kashe.

A watan Disamba ta je gida Bafarawa, ta dawo da jarka guda ta ruwan toka daga wurin kakarta Inno, wadda ta tsufa tana yin sabulun salo. Ranar da ta fara gwada shi, kafin ta gama rubuta lokaci a littafi, ƙwayoyi ruwan ɗorawa sun cika gindin kwalba. Ta yi ta maimaitawa wata da watanni, yana ba ta abu ɗaya, har jarkar ta ƙare. Ba ta damu ba, kara ai ba zinariya ba ne. Ta samo nata a bayan gari, ta wanke shi tas, ta jiƙa shi ya kwana cikin tataccen ruwa don ƙura ta fita, yadda takardun masana suka ce a tsabtace kayan gwaji, ta busar, ta ƙone a murhun lantarki, ta tace. Sau uku tana yin haka, sau uku abin yana ba ta kunya.

"Ni ban ce kin ƙirƙiro lambobi ba," in ji Dakta, da muryar wanda ya riga ya ce. "Amma kwamiti haka za su ce. Mai jarrabawa na waje yana tafe ƙarshen wata. Ranar Alhamis ta sama ki yi gwajin nan a gabana ya ba da abin da kika rubuta. In bai bayar ba, na cire sunanki daga jerin, kundin kuma ya tafi gaban kwamitin ladabtarwa."

Lailatu ta ɗauki jakarta ta juya. Faɗuwa jarrabawa abu ne da mutum kan shanye, amma a kira ta maƙaryaciya a kan aikin da ta tsaya a kansa har ƙafafunta suka kumbura, wannan ba za ta iya haɗiye shi ba.

Tana bakin ƙofa ya ƙara jefo mata wata. "Ki binciki tsohuwar nan taku. Ƙila kanwa ta zuba a ciki don ya yi ƙarfi. In kuwa haka ne, ba kara kika yi bincike a kai ba, kanwa ce, kuma aikin ya mutu."

Da wannan magana ta kwana, da ita ta shiga motar garin Isa washegari Juma'a, da ita ta hau babur ɗin kawunta Ɗanmusa, autan Inno, wanda ya zo tarbarta. Agusta ce, damina ta zauna sosai, dawa ta rufe hanya hagu da dama, babur yana ta wutsil-wutsil cikin taɓo. Kawu yana ba ta labarin tsadar man fetur da wahalar fito da kaya daga Nijar, ita kuwa ba abin da take ji sai kanwa, kanwa, kanwa.

Da Lailatu ta yi hankali, da ta bari an gama gaisuwa, an ci tuwo, an tambayi mutanen birni, sannan ta lallaɓo maganar ta bayan gida. To amma mai kwana shida a hannu ba ya lallaɓe. Ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gaban Inno, wadda ke zaune a rumfa tana tsince wake.

"Inno, don Allah ki hwaɗa mani gaskiya. Tokan nan da kinka ba ni da kaka, mi kinka sa ciki?"

"Mi za ni sawa? Toka ta."

"Ba ki sa kanwa ba? Ko 'yar kaɗan, don ta yi ƙarhi?"

Hannun Inno ya tsaya cak a cikin faifai. Kawu Ɗanmusa, da ya san uwarsa, ya tuna nan take cewa akwai abin da zai duba a jikin babur, ya sulale waje.

"Mi kinka ce?"

"Ba wai ina zargin ki ba ne, Inno, malaminmu ne yac ce..."

"Kanwa. Ni. Shekara hamsin ina tatar toka garin ga, tun uwarki ba ta san hannunta na dama ba. Masu ha'inci su ka sa kanwa, waɗanda sabulunsu ka tsage ma mutane hannu. Yau ɗiyar ɗiyata ta taso tun daga Sakkwato, ta sha taɓo, don ta tambaye ni ko ni ɓarauniya ta."

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Daga wannan lokaci Inno ta daina magana da Lailatu.

Ba wai ta yi shiru ba ne, Inno ba ta iya shiru ba. Magana take yi da kowa da komai in ban da jikarta. Ta ce wa akuya, "Matsa daga nan, kar a ce ke ma na sa maki kanwa." Ta ce wa Basira, matar Kawu, "Ki ɗanɗana miyag ga gaban shaidu, muna da masu bincike cikin gida." Da Lailatu ta kawo mata ruwan alwala, sai ta dubi butar ta tambayi kaji ko an auna shi a makaranta. Lailatu ta ba da haƙuri a tsaye, ta ba da a durƙushe, ta aika Basira, ta aika Kawu, duk a banza. Takaici ya ishe ta har ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka, ba na tausayin kai ba, na haushi. Ga mutum ya san amsa, yana zaune taku biyar daga gare ka, amma ya gwammace ya yi hira da akuya.

Ranar Asabar da hantsi ta ce to, ba sai da Inno ba. Ai ta ga yadda ake yi tun tana yarinya. Ta je dangar bayan gida ta zaro kara rungume guda, wanda ya yi baƙi-baƙi saboda ruwan sama, ta kakkarya shi cikin babban baho, ta ɗebo ruwa ta zuba, ta hau cuɗawa. Ta zubar da ruwan farko ta sake zuba wani. Inno tana rumfa, ta juya mata baya, amma wuyanta sai karkatowa yake yi. A ruwa na uku tsohuwa ta kasa daurewa.

"Ke! Mi kika yi haka?"

Lailatu ta ɗago, ta ma rasa ko da ita ake. "Wankewa nika yi, Inno. Ƙura da datti."

"Wankewa! Kara kika wankewa? La'ilaha illallahu. Basira, zaka ki gani, boko ya ƙare. Shi wanga da kinka zaro ga danga, ruwa nawa ad da bai sha ba tun farkon damana? Ya mutu tun tuni, ke kuma kin zaka kina mashi wankan gawa."

"To, mi ruwa ka yi mashi?"

Inno ta taso, fushin kwana guda ya bi iska, don ba ta iya ganin ana ɓarna a sana'arta ta ƙyale. Ta tsamo guntun kara daga bahon, ta ɓare shi, ta tura wa Lailatu a hanci.

"Gishirin kara cikin jikinshi shi kai. Shi ka cizon halshe, shi ka kama mai ya zama sabulu. Ruwa ɗaya in yad duke shi, rabin gishirin ya bi ƙasa. Ruwa ukku, sai ki ƙone shi ki samu tokab banza, ko miya ba ta kaɗawa. Wanda nib ba ki da kaka, ran da anka yanke dawa nis sa anka kwaso shi, ko raɓa ban bari ta kwana bisa gare shi ba. Wagga magana ko ɗiyar shekara bakwai ta san ta garin ga."

Lailatu ta zauna daɓas a bakin bahon. Gishirin da Inno ke faɗi ta san shi, ta san sunansa da lambarsa da gidansa a jadawalin sinadarai, ta kuma san sarai cewa yana narkewa a ruwa, ta sha rubuta haka a jarrabawa. Wata uku tana jiƙa kara ya kwana, tana zubar da aikinta a kwata da hannunta, sannan ta ƙone abin da ya rage tana mamakin me ya faru. Kunya da haushin kanta suka taru suka rufe ta.

"Inno, mi ya sa ba ki hwaɗa mani ba tun jiya?"

"Kin tambaye ni? Kanwa kinka tambaya."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta fi ciwo. Amma aƙalla yanzu an san ciwon, saura magani, kuma maganin mai sauƙi ne: a samo karan dawa wanda ruwa bai taɓa ba. Lailatu har ta fara murmushi, sai ta ga Basira da Kawu suna kallon juna.

"Cikin Agusta?" in ji Kawu.

Suka bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Karan girki ya ƙare tun kafin azumi, kowa itace yake saye ko ya tsinci kashin shanu. Wanda aka jibge a kan rumfuna don dabbobi, abin da dabbobin suka rage ruwa ya gama da shi. Dangogi duk sun sha damina. Wata tsohuwa ta ce tana da shi a cikin rumbu, aka je da murna aka tarar rufin rumbun yana yoyo, karan har ya yi funfuna. Duk gidan da suka shiga sai an tambayi me za a yi da shi, in Kawu ya ce karatun jami'a ne, sai a dubi Lailatu da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka yi asarar kuɗin makaranta a kansa.

Lahadi suka tafi Isa. Masu sayar da zana da kara a bakin kasuwa suka rantse da Allah kayansu bai ga ruwa ba, alhali yana jingine a fili, gindinsa cikin taɓo. Lailatu ta sayi ɗan kaɗan a wurin wanda ya fi rantsuwa, suka koma gida ta ƙone, ta tace, ta tsoma 'yar takardar gwajin da ta zo da ita, wadda ke rinewa ta yi shuɗi mai duhu in ruwan toka yana da ƙarfi. Takardar ta yi wani kore-kore marar kunya. Inno, ba tare da an gayyace ta ba, ta tsoma yatsa ta taɓa a harshe ta tofar.

"Ruwan wanke hannu," ta ce, ta wuce.

Litinin da sassafe Kawu ya ce su gwada Sabon Birni, yana da abokin fatauci mai babban shago da ke shimfiɗa kara a ƙarƙashin buhunan hatsi. Tafiya ce mai nisa a kan babur, kuma hanya ce da ba mai son la'asar ta same shi a kanta, saboda haka suka yi ta sauri, ƙugun Lailatu kamar zai rabu biyu. Suka isa suka tarar abokin ya zamanantar da shagonsa, ya kwashe karan ya zubar tun bara, ya sa katako. Har ya zagaya da su yana nuna musu katakon, yana jiran yabo.

A bakin shagon Lailatu ta tsaya ta rasa abin da ke mata daɗi. Gobe Talata, jibi dole ta kama hanyar Sakkwato. Kawu ya shiga wata rumfa ya fito da ƙulli a leda, ya miƙa mata yana waige-waige kamar mai sayar da abin haram.

"Ungo. Kanwa ta, ungurnu, ta Nijar, mai kyau. Ki jiƙa 'yar kaɗan ki zuba cikin waccan tokar ta Isa. Takardarki za ta yi shuɗi har ta gaji. Wa za ya sani?"

"Kawu!"

"Ke, dakata. Aikinki gaskiya na ko ba gaskiya ba? Gaskiya na. Inno ta tabbatar. To mi ar laihi in kin taimaka ma gaskiya ta hito ran Alhamis? In kaka ta yi, ki ƙone kara duniya guda ki gyara."

Abin haushin shi ne maganar ta shige ta. Ta riƙe ƙullin, ta ji nauyinsa a tafin hannu, ta kuma san zai yi aiki, wataƙila ma ya fi na Inno sauri. Dakta zai ga ƙwayoyi ruwan ɗorawa, ya sa hannu, kowa ya huta. Ta yi shekara biyu ba ta taɓa matsar da lamba ko ɗaya ba, an kira ta maƙaryaciya, yanzu kuma hanyar da ta rage ta wanke kanta ita ce ta yi ƙaryar. Ta ji kamar ta kurma ihu a tsakiyar kasuwa.

"Mai da masu abinsu, Kawu," ta ce. "In sun kore ni, su kore ni da gaskiyata. Kuma in Inno taj ji ka kawo kanwa cikin zancen ga, ni da kai duka sai mun bar mata gida."

Wannan ta biyun ce ta fi kama Kawu. Ya mayar da ƙullin, suka hau babur, suka kama hanyar Bafarawa.

Tun daga bakin unguwa suka hango hayaƙi yana tashi daga gidan, fari, siriri, ba irin na girki ba. Suka shiga suka tarar an share tsakar gida ƙal, an shimfiɗa tsohon kwanon rufi a ƙasa, a kansa ga tulin toka fara tana huci. Inno tana tsaye da sanda tana juya ta a hankali, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi. Basira tana gefe ta rafka tagumi.

"Inno, ina kinka samu kara?" in ji Lailatu.

"Matsa mani daga iska, kar ki tura mani ƙasa ciki."

Kawu ya matso kusa. Ya dubi tokar, ya dubi guntayen igiyar rama da aka yanyanke aka tara a gefe, sai ya nufi ɗakin uwarsa da sauri ya ɗaga labule. Lailatu ta bi shi ta leƙa ta kafaɗarsa. Inda gadon Inno yake babu komai sai sawun ƙafafunsa a daɓe, da tabarma a naɗe, da bargo an ninke an ɗora a kan ƙwarya.

Gadon kara ne, irin na da, wanda ake jera karan dawa zaɓaɓɓe a ɗaure shi tamau da igiya, hawa kan hawa. Malam Abu, mijin Inno, shi yake ɗaura mata sabo duk bayan 'yan shekaru, ba ya yarda kowa ya taya shi. Wannan shi ne na ƙarshe da ya ɗaura, da kakar da ya rasu, shekara uku da suka wuce. Tun daga nan Kawu ya yi juyin duniya ya sayo mata gadon ƙarfe da katifa, ta ce duk wanda ya taɓa mata gado sai dai ya haɗa da ita ya fitar.

"Inna," in ji Kawu. "Gadon Baba?"

"To mi? Shi kaɗai na karan da ruwa bai taɓa ba garin ga. Kun tahi kuna yawon ƙona mai har Sabon Birni, abu yana cikin ɗaki. Ni da Basira munka hiddo shi, ita tana ta kuka kaman an yi mutuwa."

Lailatu ta durƙusa a bakin kwanon. Ta so ta yi godiya, ta so ta yi faɗa, ta so ta ce da an tambaye ta da ba ta yarda ba, sai hawaye suka riga ta.

"Kar ki ɗiga mani hawaye cikin toka," in ji Inno. "Ba don karatunki niy yi ba, ban san abin da kuka yi can ba, kuma ban son sani. Wancan malamin naku ya ce na sa kanwa. To ki kai mashi wagga, ki ce Inno ta Bahwarawa ta gaishe shi, ya auna ta da duk abin da shika aunawa. Tashi ki ɗauko mani tukunyar tatar toka, tana bayan madahi. Kuma kar ki wanke ta, na san halinki."

Tukunyar tsohuwa ce mai 'yan huji a gindi. Inno ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a ciki, ta zuba tokar bayan ta huce, ta danna da tafin hannu, ta ɗora tukunyar a kan wata, sannan ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Lailatu ta zauna da littafi tana rubuta komai, tana auna tokar da ruwan da ɗan sikelin da ta zo da shi, Inno tana yi mata tsawa duk lokacin da ta matso kusa. Sai Talata da azahar ruwan ya gama tsiyayewa, ja-ja kamar shayi, mai santsi a yatsa. Bai cika jarka ba, da ƙyar ya wuce rabi. Lailatu ta tsoma takardarta, kafin ta fito da ita ta rine ta yi shuɗi har tana neman baƙi. Inno ko kallon takardar ba ta yi ba, ta taɓa a harshe, ta yamutsa fuska, ta gyaɗa kai.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma Dakta Nasiruddeen ya ja kujera ya zauna a ɗakin gwaji, ya ajiye agogonsa a kan tebur. Lailatu ta auna sinadaran biyu a gabansa, ta zuba ruwan tokar, ta fara juyawa. Sandar gilashin da take juyawa da ita tana ƙara a jikin kwalba. Minti uku ba abin da ya faru. A na biyar ruwan ya yi gauraye, a na bakwai ƙwayoyin suka fara zubowa gindin kwalba, ruwan ɗorawa, suna taruwa. Aka tace, aka busar, aka auna bayan azahar, aka samu casa'in da biyu. Dakta ya sa aka gwada ruwan tokar kansa ko da kanwa a ciki, ba a samu ba.

Ta yi masa bayanin ruwan sama da jiƙon da ta riƙa yi. Ya saurara yana kaɗa kai, fuskarsa ta washe, har ya ce wannan kaɗai ya isa babi guda, a rubuta shi da kyau, don masu bin takardun nan da yawa suna can suna wanke kayansu. Bai ce ta yi haƙuri ba, irinsu ba su saba ba. Ya dai jawo jerin sunaye ya yi alama a gaban nata.

"Sai dai wannan ba zai isa ba," ya ce, yana girgiza jarkar. "Mai jarrabawa zai so a maimaita a gabansa, ni ma ina da ɗalibai biyu da zan sa su gwada shi a kan wasu sinadaran. Ki aika gida a ƙaro kamar jarka biyu, irin wannan daidai, kafin ƙarshen wata."

"Babu saura, Malam. Sai kaka."

"Kamar yaya babu? Ba kara ba ne? Ita tsohuwar ina ta samo wannan?"

"Gadonta ta ƙona," in ji Lailatu. "Shi ke nan gare ta."

Dakta ya dubi abin da ke hannunsa. Ya ajiye jarkar a kan tebur a hankali, da hannu biyu.

Lailatu ta ɗaure bakin jarkar tamau, ta sa ta a kabad ta kulle, ta jefa makullin cikin jaka. Hadari ya haɗo ta gabas, ta wajen gida, har an fara yayyafi a kan tagogin ɗakin gwajin. Ta tsaya tana kallonsa, ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Ta san daɓen ɗakin Inno, ta san yadda yake tsotsar sanyi in an kwana biyu ana ruwa, kuma damina da sauran wata biyu.